Ƙafar Dogo da Tukunyar Birki

Dogo ya tsufa a kan sitiyarin a-kori-kurarsa, yana jigilar bulo da yashi, har ciwon suga ya soma cin ƙafarsa ta dama. Bai gaya wa kowa ba, ko uwar 'ya'yansa. Sai ya ɗora wa birki laifi.

Ɗan ƙanwarsa makanike ne. Shi ya buɗe gaban motar ya nuna masa wata baƙar tukunya. "Wannan ce busta, Kawu. Inji ke zuƙe iskar cikinta, ita kuma ta ninka ƙarfin takunka. Shi ya sa in mota ta mutu birki ke zama dutse."

Aka sa masa babba, aka canza takalman birki da tiyo. Ya ci damina guda yana tsayawa cak, har yana tsokanar sa'o'insa da suka ajiye tuƙi. Da rani sai ga shi a garejin ɗan ƙanwar tasa, wai birki ya sake lalacewa.

Makaniken ya zagaya da motar, ya ɗan taɓa fedar birki, motar ta ƙame. "Kawu, hau ka taka in gani."

Dogo ya hau, ya taka iya ƙarfinsa har gumi ya keto masa. Da ya leƙa ƙasa, ashe ƙafar tana gefen feda, tabarmar mota yake dannawa, bai ma ji ba.

Ya ɗago kai ya ce, "Babu tukunyar da ta fi wannan girma?"

"Akwai, Kawu. Sai dai abin da ka ba ta shi take ninkawa."