Kawun da Ya Gasa Kaset a Akwatin Ƙyanƙyasa

Kafin kowa ya iso gidan talabijin, shi ya riga ya gangara ɗakin ajiyar kaset da ke ƙarƙashin bene. Abin da yake fara yi shi ne shaƙar iskar ɗakin. In ya ji wani tsami-tsami, ya san wani kaset ya kamu da ciwo, sai ya bi kantoci da hanci har ya gano shi. Daga nan ya goge kan tsohuwar na'urar kallo da auduga, ya jujjuya kaset-kaset ɗin da suka daɗe kwance a gefe guda, kamar mai jinya da ke tsoron gyambon kwanciya. Ma'aikata na ce masa Kawu Zare, don rayuwarsa ta ƙare a kan baƙin zaren nan na cikin kaset. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya, kuma abin mamaki, rabin mutanen saman bene ba su ma san akwai mai rai a ƙasa ba.

Manya za su tuna Baƙin Bayan Wata, wasan da aka yi tun talabijin ba ta da kala. Wasu halittu ne suka sauko daga sama suka ƙwace rijiyoyin wani gari wanda mutanensa suka yi rantsuwar barin makami har abada. Jirgin baƙin da murfin tukunya aka haɗa shi, kowa na ganin zaren da ya rataye shi, shi ya sa aka mai da wasan abin dariya. A kashin ƙarshe, malamar makarantar garin ta buɗe wa baƙin ƙofa, maƙerin garin ya harba babbar bindigar da ya ƙera a ɓoye, allo ya yi fari, shi ke nan. Kowa ya tashi da cewa maƙeri jarumi ne, malama kuwa ta ci amana.

Matar da ta fito a malamar tana raye. Ba a sake ba ta wani wasa ba. Tun tana budurwa har ta yi jikoki, in ta shiga kasuwa sai wani ya ɗaga murya, "Malama, yau wa za a buɗe wa ƙofa?" Ta gaji da rantsuwar cewa ba a nan wasan ya ƙare ba, yanke shi aka yi. Wa zai saurare ta?

Kwatsam aka ce a kwashe ɗakin Kawu, za a mai da shi ɗakin kwamfuta, tarkacen kuma a kai bola. Da masu ɗaukar kaya suka janye kantar ƙurya, wani kaset ya faɗo daga bayanta, ƙura da yanar gizo sun rufe shi. Kawu ya goge, ya karanta abin da aka rubuta a gefe, sai ya nemi wuri ya zauna daɓas. Uwar kaset ce ta kashin ƙarshe na wasan nan, wato ta asali da aka kwafi sauran daga gare ta. Ya ɗauko wanda aka saba nunawa ya kara su a hasken fitila: naɗin zaren uwar ya fi kauri. Akwai abin da ba a taɓa nuna wa kowa ba.

Sai dai danshi ya riga ya shige shi, zaren ya manne da juna kamar an shafa masa ƙaro. A sa shi a na'ura a haka, hoton zai saɓule ya bar leda tsirara.

Ya hau bene wurin shugabar sashe, yana haki.

"Ranki ya daɗe, aron kaset ɗaya nake so. Zan je in gasa shi."

"Ka gasa me?"

"Zafi kaɗan-kaɗan, danshin ya fita. In an dace zai yi kallo ɗaya, mu kwafe."

"In ba a dace ba fa, Kawu?"

"Ya narke. Da ma bola za shi."

Sai ta ce ya ɗauka, amma kada ya ce ita ta aike shi.

'Yarsa na kiwon kaji a bayan gidansu. Ta dawo daga aiki ta tarar an kwashe mata ƙwai daga akwatin ƙyanƙyasa an jera a kwando, an ƙara ƙwan fitila a ciki, kaset na zaune a tsakiya kamar ango.

"Innalillahi! Baba, ƙwaina!"

"Na kai rabi gidan maƙwabta, kazarsu na kwanci."

"Rabin fa?"

"Mu soya."

"To shi wannan me zai ƙyanƙyashe mana? 'Yan sama-jannati?"

Bai yi dariya ba. Ya ja kujera ya tasa akwatin a gaba, lokaci-lokaci yana kara bayan hannunsa a jikin katakon kamar uwa mai auna zazzaɓin ɗa. Ita ma da ta gama mita, ta kawo masa abinci nan inda yake.

Kai ne, Kawu, wanda ba a taɓa rubuta sunansa a ƙarshen kowane shiri ba. Kai ne makiyayin muryoyin da masu su suka riga mu gidan gaskiya. Na karanta labaran jarumai masu takobi har idona ya yi ja, ban taɓa zaton zan ga jarumta zaune a kan kujerar roba tana gadin akwatin kaji ba.

Da kaset ya huce, shi da kansa ya je ya ɗauko Malama. A hanya ya faɗa mata gaskiya: bai san abin da ke ciki ba, kuma zaren na iya tsinkewa kafin a kai wurin.

"In babu komai fa?" ta ce.

"Sai ki yafe mini, Yaya."

Ɗakin ajiyar ya cika, har da waɗanda ba su taɓa taka matattakalar ba. Na'ura ta haɗiye kaset ta yi ƙara, hoto ya yi rawa ya tsaya. Ga ƙofa, ga bindiga, ga farin allon da kowa ya sani. Wani ya fara miƙewa. Sai hoto ya dawo.

Malama ce kwance a ƙasa. Ashe gaban bindigar ta sha, ita harsashin ya samu. Shugaban baƙin ya durƙusa, ya cire hular ƙarfensa, sai ga fuskar tsoho, leɓe duk ya tsage don ƙishirwa. Malama ta ce masa da ƙyar, "Da kun roƙa, da mun ba ku." Ta juya ga maƙeri ta ce, "Kai kuma da ka tambaye su." Baƙin suka zube makamansu a bakin rijiya. Ba a nuna an sasanta ba, ba a nuna an ci gaba da yaƙi ba. Ɓangarorin biyu ne kawai tsaye a kan gawa ɗaya, babu mai iya kallon idon wani.

Nan zaren ya yi wani ƙara ya tsinke. Wanda aka sa ya kwafi hoton ya ɗaga hannu daga bayan kwamfuta, ya ce: "Ya shiga. Duka ya shiga."

Shugabar sashe ta toshe baki da tafin hannu. Wani mai ɗaukar hoto da ya sha kwaikwayon wasan yana ba mutane dariya ya sulale ƙasa ya jingina da bango. Wa ya yanke wannan? Don me? Masu amsar duk sun kwanta dama. Abin da muka sani shi ne an raini ƙasa guda a kan tafa wa bindiga, alhali wasan kuka yake yi da ita.

Malama ba ta yi hawaye ba. Ta daɗe tana kallon allon da ya mutu, sannan ta gyara zama ta ce, "Kun ga yarinyar nan? Wallahi ta iya mutuwa." Aka fashe da dariya, rabi kuka.

Mako mai zuwa za a nuna wasan cikakke, kuma Malama ta ce a kujerar gaba za ta zauna, da jikokinta duka.

Kawu Zare, mun gode. Allah ya saka maka, ya sa ka huta hutun da ka daɗe da cancanta. Ku kuma masu karatu, kowace ma'aikata tana da ɗakinta na ƙasa da tsohon da ke cikinsa. Ku gangara ku gaishe shi tun yana nan, ku tambaye shi abin da yake gadi. Wataƙila mutuncin wani ne.