Doña Visitación, Mai Tambayar Shekarar Littafi

Lauyoyin birnin Bata ba su da buƙatar ɗakin karatu. Doka a kansu take, daga sashe na farko har na ƙarshe, kuma duk wanda ya taɓa ganin ɗayansu ya fito daga mota da baƙar riga a kafaɗa zai shaida haka. Abin da ke kai mu ɗan ɗakin littattafan shari'a da ke bayan kotu shi ne fanka, sai kuma ruwan sama, wanda a garin nan ba ya sallama. In ka ga lauya ya buɗe littafi a can, dubawa yake ko marubucin ya yi kuskure.

Shi ya sa har yau ba a gano takamaiman abin da Doña Visitación Ayingono ta shekara talatin da huɗu tana yi a ɗakin nan ba. Ƙarshen watan jiya ta ajiye aiki. Tun da babu wanda ya yi niyyar faɗa, bari in faɗi abin da na gani, ni da na shekara ashirin ina zuwa shan fanka.

Bakwai da rabi na safe take isowa, da ƙullin rogo a ganye na abincin rana. Kafin ta zauna sai ta zagaya kantocin littattafai. Ƙafar kowace kanta tana tsaye cikin gwangwanin kifi da aka zuba wa baƙin mai saboda gara, wanda ya bushe ta ƙara masa. Sannan ta bi kundayen da tsumma, domin a Bata littafi in ya kwana uku ba a taɓa shi ba sai fumfuna ta yi masa gemu. Ranar da rana ta fito sosai takan shanya manya daga cikinsu a baranda kamar mai shanyar 'ya'yan koko. Mama Visi muke kiran ta, har da alƙalan da suka girme ta.

Ainihin aikin kuwa yana cikin kwalayen takalma goma sha tara da ke bayan teburinta. A ƙasar nan tambayar shari'a hawa biyu ce. Da farko ka duba ko mun yi tamu dokar a kan batun, ita kuma tana cikin jaridar gwamnati da ake buga dokoki. In ba mu yi ba, sai a koma wa dokar Sifen, amma yadda take ranar da muka samu 'yancin kai, sha biyu ga Oktoba, 1968. Abin da mutanen Madrid suka gyara bayan wannan rana nasu ne, su ji daɗinsa. Mama Visi ta bi ofisoshi da ƙafa tana tara fitowar jaridar nan ɗaya bayan ɗaya, wasu ta ceto su ne daga hannun masu sayar da gyaɗa. Kowace doka ta yi mata kati: a kan me take, wace shekara, wace fitowa, wace doka ta kashe. Duk wanda ya zo da gadarar ya ga abu a littafi, tambaya ɗaya take yi masa: "Na wace shekara?"

Tana da doka tata ta kanta, wadda ba a buga a ko'ina ba: littafi ba ya fita. Wani alƙali ya taɓa aiko direbansa da takarda mai hatimi a ba shi kundi. Ta mayar da direban da saƙon cewa akwai kujera, kuma an goge ta. Alƙalin ya zo da kansa, ya zauna, ya karanta. Ba a ji ya mutu ba.

Bara ne maganar Clotilde Upinda ta taso. Clotilde mai bandar kifi ce a unguwar Ukomba, tana haya a wani ɗakin katako da ruwan teku ke shiga duk lokacin da ya ga dama. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ta sayi ɗan fili a kan tudu wurin wani tsoho, aka yi takarda da shaidu biyu. Tsohon ya roƙe ta ta jira ya cire rogonsa kafin ya miƙa mata. Tana cikin jira 'yarta ta kwanta ciwo a Libreville, ta tafi jinya, jinya ta zama zama. Da ta dawo tsohon ya rasu, 'ya'yansa kuma sun daidaita da wani mai son gina otal, ƙarshen wata za a sa hannu. Filin nan shi ne kaɗai abin da hayaƙin shekara talatin ya bar mata.

Ta kai takardarta wurin Don Eulogio Abaga, lauyan da muryarsa ke riga shi shiga kotu. Ya jawo kundin dokokin zaman jama'a daga kantar ofishinsa, ja, mai ruwan zinare a ƙeya, ya karanta mata cewa wanda aka yi wa alkawari irin nata shekara biyar ke gare shi ya nemi a cika masa. Ta makara da shida.

Duk Alhamis Clotilde ke kawo wa Mama Visi kifi. Ina nan ranar.

"Clotilde, yau kifin ne ya mutu ko ke?"

"Bari kawai, 'yar'uwa. Fili ya tafi. Lauya ya ce shekara biyar ake ba mutum."

"A ina ya gani?"

"A littafi mana. Wani ja, sabo fil, har ƙamshi yake yi."

"Sabo," in ji Mama Visi, kamar an ce mata kifin na shekaranjiya ne.

Ba ta ce mata komai a kan doka ba, domin ba ta taɓa ba kowa shawarar shari'a ba, shafi kawai take nunawa. Ta sauke kwali uku ta bi katunan ɗaya-ɗaya, wajen awa guda, ko mun yi tamu dokar a kan wa'adin nan. Ba ta ga komai ba. Sai ta taka kujera ta sauko da wani kundi mai launin ƙasa, bugun 1967, ta bi layi da yatsa, ta saka 'yar takarda a wurin. Sannan ta juyo gare ni.

"Kai, tun da ba abin da kake yi, je ka kira min Logio."

Don Eulogio ya shigo yana share gumi.

"Mama Visi, an ce kina nema na. Ko ƙarar gara za ki kai?"

"Zauna, ɗana. Littafin da ka karanta wa matar nan, na wace shekara?"

"Na bana. Da hannuna na sayo shi a Madrid, ko ledarsa ban cire ba sai a ofis."

"Madalla. A Madrid ɗin za a yi shari'ar?"

"Haba Mama, shekara shida fa na yi ina karatu a Sifen."

"Na sani. Ni na cika maka takardar neman gurbin, don rubutunka kamar kaza ta bi ta laka. Karanta nan."

Ya karanta. Tsohon kundin shekara goma sha biyar ya ce. Mutanen Sifen ne suka rage wa kansu zuwa biyar 'yan shekarun baya, ba su kuma tambaye mu ba, mu ma ba mu bi su ba. Clotilde na da sauran shekara huɗu. Don Eulogio ya sake karantawa, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Ai abin da nake shirin dubawa ke nan. Dama na ce mata ta dawo."

"Ce mini ka yi in je in yi addu'a, Don Eulogio," in ji Clotilde.

"To ga shi an amsa," in ji Mama Visi. "Tashi ka shigar da ƙara kafin a zuba siminti."

A yi masa adalci, a makon ya shigar, aka dakatar da cinikin otal. Lauyan 'ya'yan tsohon ya zo kotu da nasa jan kundin, domin duk shago ɗaya muke zuwa a Madrid. Alƙali ya ga littafi biyu na faɗin abu biyu, sai ya ba Don Eulogio zuwa safiyar Litinin ya kawo hujjarsa a rubuce, tare da tsohon kundin kansa. Yammacin Juma'a ce. Mama Visi ta ce za ta buɗe masa ɗakin Asabar da Lahadi. Ya ce ba hali, ana taron cika shekara da rasuwar kawunsa a ƙauye, can wajen Ebibeyin, in bai je ba dangi za su binne shi da rai. A can zai yi rubutun, in an ba shi littafin.

Mama Visi ta dubi kundin, ta dubi Clotilde da ke tsaye bakin ƙofa da kwandonta a ka. Ta naɗe shi cikin leda biyu ta ɗaure da igiya.

"Logio, wannan kaɗai ne a garin nan. Ka riƙe shi kamar jariri."

"Mama, kamar idona."

Ya yi rubutun kuwa, mai kyau. Sai dai dangi sun ba shi akuya da ayaba ya taho da su, kuma a bayan motar kundin ya dawo, ba leda, tafiyar awa huɗu cikin ruwan sama. Akuyar ta samu lokaci ta yi nazarin babin gado da wasiyya gaba ɗaya, shafi arba'in da ɗaya. Shafin Clotilde yana can wajen ƙarshe, ba ta kai gare shi ba. Ranar Litinin alƙali ya buɗe kumburarren littafin da bakin biro, ya karanta, ya duba shekarar bugu, bayan wata biyu ya ba da umarni a miƙa wa Clotilde filinta. Yanzu haka ta kafa ginshiƙai, kuma teku sai dai ya hango ta daga ƙasa.

Da aka mayar da kundin, Mama Visi ta ƙirga shafukan da suka tafi, ta rubuta lambobinsu a kati. Ta shekara tana raba waɗanda suka manne da siririyar wuƙa, tana saka takarda tsakaninsu.

A walimar sallamarta Don Eulogio ne ya yi jawabi, minti arba'in. Ya ba da labarin shari'ar Ukomba, yadda wa'adin shekara goma sha biyar ya faɗo masa a rai yana tuƙi, domin abin da mutum ya haddace yana ɗalibi ba ya barin sa. An yi tafi. Ya yaba wa Mama Visi a kan tsafta da zuwa aiki kan lokaci. Aka ba ta agogon bango, don ta riƙa sanin ƙarfe nawa ne ba za ta je ko'ina ba.

To, ga nawa jawabin: Mama Visi, ke ce kika san inda dokar ƙasar nan take kwana. Ke ce kika hana gara zama babban alƙali. Rabin shari'un da muka ci, a yatsanki muka ci su, kuma ba ki taɓa tare ɗayanmu a hanya kin tuna masa ba. Kin ga lauyoyi sun shigo da ƙaton ciki sun fita da ɗan kati a hannu, kin bar su da girmansu. Uwar kwalaye, mun gode. Clotilde ta gode, da wasu da yawa da suke zaune cikin gidajensu ba su ma san sunanki ba.

Ku kuma masu tasowa, da mu da muka riga muka taso ba mu je ko'ina ba, kwalayen suna nan, ta rubuta wa kowanne abin da ke cikinsa da manyan baƙaƙe. Ku shiga ku zauna. Ku duba namu tukuna kafin na wasu, ku juya bangon littafi ku ga shekararsa kafin ku ce wa wata baiwar Allah ta je ta yi addu'a. Wanda aka ba teburin nan kuma, ya ci gaba da rubuta katin.

Litinin ɗin farko bayan ta ajiye aiki na gan ta a tashar motar garin Mbini, da littattafan rubutu biyu da biro huɗu a jaka. Ashe ta gano wani tsohon magatakardan kotu a can yana da irin bugun, amma ba ya barin a fita da shi daga gidansa. Za ta kwafe shafukan da hannu, ta dawo ta buga su a tafireta daidai girman na asali, ta ɗinke su a ciki. Na ce ai da an ɗauki hotonsu da waya.

"Wayar wa? Taka da ke ɓacewa duk Kirsimeti? In na rubuta da hannuna na san na karanta."

"Amma Mama, ai kin gama aiki."

"Babin gado ne fa, ɗana. Mutane ba za su fasa mutuwa don akuya ta cinye shi ba."

Na ce mata Don Eulogio yana gaishe ta. Ta ce tana amsawa. Ta kwance bakin zanenta ta biya kuɗin mota, ta shiga ta zauna a baya kusa da buhunan rogo.