Dujam, Mai Laluben Gonar Sufaye

Shekara goma sha tara, kullum da safe Dujam Perkovic yana bencin baya a majami'ar gidan sufayen garinmu. Da an shafa addu'a sai ya sa rigarsa mai nauyi, ya ɗauki siririn ƙarfe, ya nufi gonar inabi ya durƙusa. Ƙasa yake tsokana a hankali, taki bayan taki, yana neman nakiyoyin da sojoji suka binne lokacin yaƙi.

Ni ke dafa wa sufayen abinci, kuma tagar kicin na kallon gonar. Ko murfin tukunya ya faɗi sai gabana ya yanke. Matarsa Jagoda ta ce mini ba ta taɓa share sawunsa daga ƙofar gida sai ya dawo.

Da ƙuruciya Dujam ya so zama sufi, shugaban gidan ya ce masa aikin da Allah ya kira shi ya yi a waje yake. Ya yi aure, ya ɗauki alkawarin bin addu'o'insu daga gida, har yaƙi ya zo ya wuce, ya bar sufaye da gonar da ba mai iya takawa.

Ranar da ba zan manta ba, ana tsakar zafin rana muka hango Baba Ambroz, sufi ɗan shekara tamanin da mantuwa ta kama, ya tsallake jan ƙyallen da ke nuna iyakar haɗari yana tsakiyar wurin da ba a taɓa dubawa ba. Wai amyar zumarsa yake nema, wadda ta ƙone tun zamanin yaƙi.

Dujam bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Baba, tsaya nan. Kada ka ɗaga ƙafa, ga ni zuwa."

Ya kwanta rub da ciki ya fara lalube. Tsohon ya dube shi ya ce, "Ɗana, kai da jika ka koma rarrafe? Taso mana."

"Gwiwa ce, Baba. Ja mini Zabura in samu ƙarfi."

Tsohon da ba ya tuna sunan abincin da ya ci ya fara rerawa, sauran sufaye na amsawa daga bakin gona. Awa biyu da rabi. Sau biyu ƙafafun tsohon suka lanƙwashe, sau biyu Jagoda ta damƙe hannuna har ya yi shati. Da Dujam ya isa, sai ƙarfensa ya taɓa wani abu, taki ɗaya daga takalmin Baba Ambroz. Ya kafa alama, ya goya tsohon, ya dawo ta kan sawunsa. Yana sauke shi ya juya ya yi amai.

Dujam, kai ne jarumin da bai taɓa ɓoye tsoronsa ba. Kai ka ce mini ranar da tsoro ya bar ka, ranar za a tsince ka gunduwa-gunduwa. A watan jiya hannunka ya fara rawa, ka ajiye ƙarfe da kanka ba wanda ya ce ka ajiye.

Mun gode, Allah ya saka. Amma jama'a, bayan rijiya akwai sauran fili da ba a duba ba, kuma yaranmu ta gefensa suke bi zuwa makaranta. Dujam ya ce zai koya wa duk wanda ya zo aikin. Har yau mutum ɗaya ne ya rubuta sunansa.