Goyo a Bakin Dam

Ni ban yarda da ruwan da aka tare ba. Ruwan Allah ya zo da damina ya wuce abinsa, amma wanda mutum ya ɗaure ya kwantar, shirun nan nasa ba ya yi mini. Na haye ruwa a kwale-kwale ba iyaka a garinmu wajen Kafin Hausa, sai dai mu da dalili muke shiga: kasuwa, ta'aziyya, suna.

To, ƙaramar sallar bara ina Dutse wurin ɗana na fari, ma'aikacin gwamnati ne, sai ya ce a shirya za mu dam shan iska a jirgin ruwa. Na ce jirgin ina zai kai mu? Ya ce ba ko'ina, zagayawa za a yi a dawo. Tun daga nan na sha jinin jikina.

Muka je har da matarsa, da jaririnsu a bayanta, angon nawa, ko zama bai fara ba. Jirgin mai inji ne, an shafe shi da sabon fenti. Ni kuwa in na ga sabon fenti sai in ce me aka rufe. Na leƙa ciki, na ga filafilin tuƙi ɗaya a yashe, na ga robar kwashe ruwa.

Na ce da matuƙin, wani baƙi siriri mai furfura a gemu, "Malam, jirgin da ba ya yoyo me zai yi da roba?"

Ya ce, "Hajiya, gidanki ba gobara, amma ai akwai tulu."

Baki gare shi. Ya bi mu da riguna masu ruwan lemo, kumbura-kumbura, wai rigar ruwa, in ka faɗa ba ka nutsewa. Ya ce ba mai miƙewa tsaye in an tashi, ba mai zama a goshin jirgi, wato can gaba inda ya tsuke, kuma kada a taru gefe guda. Wannan duk na sani. Da ya zo kan surukata sai ya tsaya.

"Kwance goyon nan tukuna."

Na ce, "Ta kwance ta ba wa? Kai?"

Duk duniya ina ya fi bayan uwa? Raina ya ba ni wuri yake so ya rage ya cusa wani fasinja, ko rigar ce ba ta zagaye mutum biyu yake neman hanya. Ɗana ya ce, "Inna, don Allah, mutane na kallo." Na ce su kalla, ido gare su.

Matuƙin ya ce rigar in ta ji ruwa rigingine take kwantar da mai ita, fuska sama.

Na ce, "A bakinka na ji. Shiga in gani."

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya cire hularsa ya miƙa wa ɗana, ya ɗaure igiyoyin rigar, ya taka cikin ruwa har ƙirji, ya saki jiki ya kifa. Wallahi kamar da hannu aka birkito shi. Hanci a sama, gemu a sama, bayansa kuwa tun daga kafaɗa yana ƙarƙashin ruwa. Daidai inda kan angona yake kwanciya.

Surukata ba ta jira kowa ba, ta kwance majanyi.

Ya fito yana ɗiga. Na ce, "To ina rigar jariri?" Ya ce babu, ƙaramar cikinsu ma yaron zai zame ta wuya. Uwar ta ce sai ta rungume shi a cinya. Na ce hannun da zai nemi abin kamawa in jirgi ya karkata? Na tuɓe tawa rigar na jefa masa, na karɓi yaron na goya.

Suka tafi, inji na ƙara. Na tsaya ƙarƙashin wata bishiyar maina, ban zauna ba, ban ɗauke ido ba. Matuƙin gaskiya ya faɗa a kan goyo, wannan na ba shi. Fentin ne har yau ban san abin da ke ƙarƙashinsa ba. Angon nawa dai barcinsa ya sha a bayana, a kan tudu, har suka dawo.