Sarkin da Ya Musanya Mutanensa da Tumaki

A shekarun da gyaɗa ke sarauta, lokacin kaka ba mu da wasan dandali. Bayan isha'i sai a jibge mana kwanduna a tsakar gidanmu na Kara, a hura wuta da ɓawo, mu yi ta ɓara. Ladanmu shi ne bakin kakarmu, Inna Dije. Amma akwai shekarar da ta kafe a kan labari ɗaya, har muka fara gunaguni.

"Ku matso, ga ta nan tafe," in ji ta. "Sai dai wannan ba ƙarya ba ce. Baturen allurar shanu ne ya ba kakanku, ina gefe ina dama musu fura."

Baturen mutumin Sikotlan ne. Ta ce garinsu a matse yake tsakanin dutse da teku, layi ɗaya tal. Gidajen na dutse ne, duk sun ba iska baya, kuma ko bishiyar da za ka ɗaure akuya babu. Ga ruwa har iyakar ganinka, amma gishiri ne, saniya ba ta sha. Taki ma sai sun kwaso ciyawar da teku ya tofar.

"To wa ya aike su zama a nan, Inna?" na tambaya.

"Yawwa, ja'iri, yau ka yi tambaya."

Asalinsu makiyaya ne irinmu, a wani kwari mai ciyawa can cikin ƙasa. Sarkinsu jininsu ne, sunansa ma suke amsawa, in yaƙi ya tashi su ne a gabansa. Sai aka nuna masa gashin tumaki ya fi mutane riba. Ya sa aka cinna wa ɗakunansu wuta, aka koro su bakin teku, aka ce su koyi kamun kifi. Mutumin da bai san komai ba sai sanda da ƙwaryar tatsa, aka jefa shi cikin kwalekwale. Da yawansu ruwa ya ci.

A nan muryarta kan tashi, ta juya wajen zana. "Ba baƙo ne ya kore su ba. Nasu ne!" Kuma ba ta taɓa rufe shi da ƙurunƙus ba.

Mu dai mun ɗauka rigimar tsufa ce. Ban lura ba cewa a bayan zanar nan Baffa Sule yake shimfiɗa buzunsa. Shi ne mai unguwa, shi ne kuma ɗanta na fari, wanda kunya ta hana ta ko kama sunansa, balle ta zaunar da shi ta yi masa faɗa. A kwanakin ne manyan manoman gyaɗa daga Gwarzo suke ta zarya wurinsa, suna son fadamar da shanunmu ke kiwo da burtalin da ke kai su rafi.

Ya ji. Na san ya ji, don wata rana ya yi gyaran murya ya ce, "Yara, ku ce wa Inna ta huta haka, sanyi ya sauko."

Baffa ya ba su fadamar, ruwan farko na sauka aka sa garma a burtalin. Shanu suka rasa hanyar rafi. Babana ya kora garken ya yi kudu, har da jikokin saniyar da aka raka Inna gidan miji da ita, kuma bai ƙara zama gida ba sai dai baƙunta. Da lokacin kaka ya zagayo na ce Inna ta ba mu labarin mutanen teku. Ba ta ɗago daga kwandon ba.

"Ya ƙare," ta ce. "Ai kun gani."

Na girma, na ga hoton irin ƙauyen nan, gidajensa farare tas, baƙi na yawon shan iska. Ban ga kyansa ba. Har yau abin na ci mini rai, kuma ba fadamar ce ta fi ba. Baffa ya san uwarsa ba za ta iya duban idonsa ta ce masa kada ya yi ba, kuma da wannan kunyar tata ya dogara.