Daɓen Wurin Wankan Inna

A shekarar da aka sauke tutar Faransa, Inna ta zame a wurin wankan gidanmu na Birni. Daɓen ƙasa ne, ya sha ruwa har ya yi gansakuka. Daga ranar ƙanwata ce ke riƙe ta idan za ta yi wanka, abin da Inna ta tsana ƙwarai.

Na samo fararen karo, wato tayil na shimfiɗa a ƙasa, ragowar gidan wani Bature da ya tafi. Na haƙe tsohon daɓen, na shafe ƙasa da gindin bango da kwalta don kada laima ta ci ginin, sannan na zuba siminti. A makarantar mishan an koya mini cewa duk abin da ya karkace ɓatacce ne. Saboda haka na auna kowane karo da ma'auni mai ƙwayar iska, sai ƙwayar ta tsaya cak a tsakiya nake ɗaukar na gaba.

Da ya bushe Inna ta zo tana dafa bango, ta karkata buta a tsakiyar wurin. Ruwan ya bazu a hankali, ya kwanta, bai nufi rariya ba. Wurin ba shi da rufi, sai ga sararin sama a cikin ruwan, da shirwa tana shawagi, da dutsen bayan gidanmu a kife. Na daɗe ina kallo. Har yau ban yi aikin da ya kai shi kyau ba.

Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana. Ta dubi ƙanwata ta ce, "Gaya wa wancan, tafki ya gina mini. Mai shirin salla ba ya tsayawa cikin ruwan dauɗarsa."

Na so in kare kaina da lissafi. Ta ce matan da ke daɓe a Dogo, garinsu, ba su san ma'auni ba. Ruwa suke zubawa su bi shi da madaɓi.

Washegari na ɓamɓare duka, da dama suka fashe. Na sake shimfiɗawa da buta a hannu, kowane layi ya ɗan fi na bayansa gangara. Fasassun na jera inda za ta taka, don ƙafa ta sami riƙo. Ya yi mini muni.

Ranar Juma'a da hantsi ƙanwata ta kai ruwan wanka. Inna ta ce mata ta koma ta ji da tukunyarta, sannan ta shiga ita kaɗai ta saki asabari. Muka tsaya a tsakar gida har ruwan ya fito ta rariya, siriri, ya bi gindin katanga.