Harawar da Babana Ya Kulle

Babana bai taɓa yarda da kowa a kan harawa ba. A Badaguishiri, da an tsince wake yake yanke ta, wai awakin unguwa sun sa mata ido. Wata shekara ko shanyawa bai tsaya yi ba. Ya tura ta ɗanya sharaf a tsohon ɗakin kakarmu, ya tattake, ya lulluɓe da leda, ya garƙama kwaɗo.

Ba a jima ba ɗakin ya fara wani wari mai ɗumi. Wata ranar da hantsi sai ga hayaƙi ta ƙarƙashin ƙofa. Kafin a kashe wutar, abincin tumakinmu na rani ya zama toka.

Mutum ɗaya ke shan taba a gidan, Baffa, ƙanen babana. Aka gama shari'a a tsaye.

"Wa ka shan taba gidan ga in ba kai ba?" in ji babana.

"Yaya, ɗakin da mabuɗinai ke aljihunka? Ta ina ni shiga?"

Babana ya ce wuta ba ta neman mabuɗi. Baffa ya murƙushe kwalin tabarsa a gabanmu, ya kwashe iyalinsa ya koma Konni. Wallahi na ji zafin tafiyar nan, don shi kaɗai ke sa babana dariya.

Da kaka ta zagayo, babana ya maimaita dabararsa, tunda ai mai laifi ya tafi. Rannan ya cusa hannu cikin tarin zai ɗebar wa rago, ya fizgo shi da sauri. Tsakiyar ta yi baƙi, tana turiri kamar tukunyar dambu. Ashe ɗanyen ganye in aka danne shi, aka toshe shi, ruɓewa yake yi yana dafa kansa har ya kama. Ya baza ta a rana.

"Yi haƙuri" ba ta fita a bakin babana. Sai ya sayi kwalin taba mai tsada, ya ba direban motar Konni ya kai wa Baffa. Kwalin ya dawo ko buɗe shi ba a yi ba, tare da saƙo: a gaya wa Yaya shi Baffa ya bar taba tun ranar gobarar, kuma wannan a aje ta nesa da harawa.

Baffa bai sake kwana a gidanmu ba.